Hankalin Tsufa Tun Da Ƙuruciya Ake Tanadinsa

Ɗana, 'yata, na san maganar tsufa ba ta cikin lissafinku yanzu. Mai shekara 25 abin da ke gabansa neman na kansa ne, da aure, da yadda zai fita kunyar iyaye. Ban ga laifinku ba. Amma akwai wani ciwo da ke bayyana a shekara 70 alhali tun a shekara 30 ko 40 ake aza harsashinsa, kuma idan ya bayyana babu likitan da ya isa ya dawo da abin da ya tafi. Shi ne wanda muke kira gigin tsufa, ko mu ce wane ya ruɗe. Ina so mu yi maganarsa yau, tun da sauran abin da za ku iya yi a kai.

Da farko ku cire a ranku cewa duk wanda ya tsufa sai ya ruɗe. Kowannenku ya san wani tsoho a nan Mubi, a Kolere ko Lokuwa ko Wuro Patuji, da ya haura 90, wanda zai gaya maka kuɗin buhun dawa a shekarar 1973 da aka bar fam aka koma naira, kuma bai manta baƙon da ya zo masa jiya ba. Mantuwar da shekaru ke kawowa ƙarama ce: ka manta inda ka ajiye makulli, can an jima ka tuna. Wadda nake nufi ciwo ce da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Mutum ya riƙe makullin a hannu bai san amfaninsa ba. Ya idar da salla ya sake tayarwa. Ya fita daga gidan da ya gina da guminsa ya kasa gane hanyar komowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Mai bi masa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini ke jawowa, kuma sau da yawa biyun tare suke zuwa.

A 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya fitar da abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin wannan ciwo waɗanda ana iya kauce musu. Suka ce da za a kawar da su, da kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa ba su kamu ba, ko kuma ciwon ya yi jinkirin zuwa. Ku lura da kyau, ba su ce duka ba. Akwai rabon shekaru, akwai na gado, kuma wani zai kiyaye komai ya kamu, don haka kada ku ga mai ciwon ku ce shi ya jawo wa kansa. Amma kusan rabi ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya yarda da ƙaddara shi ne dai yake kulle shagonsa da dare kafin ya ce ya bar wa Allah.

Wani aikin da aka yi a ƙasarmu ya fi kwantar mini da hankali a kan wannan. Tun 1992 likitocin Ibadan, cikinsu har da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da takwarorinsu na Amurka suka riƙa bin tsofaffin Yarbawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis, da awo iri ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa waɗanda ke kamuwa a kowace shekara a Ibadan ba su kai rabin na Amurka ba. Mutanen Ibadan ɗin ba su kai na can hawan jini da ciwon suga da maiƙon jini ba, abincinsu bai kai na can maiƙo ba, kuma cikin iyali suke tsufa. Abin da ke damuna shi ne, irin rayuwar da ta kare kakanninmu ita ce muke saki da hannu bibbiyu, wadda ta cutar da waɗancan kuma muna rububinta.

Zan fi daɗewa a kan hawan jini, domin shi na fi gani yana ɓarna a garin nan. Na san wani dattijo da ya yi shekaru yana dillanci a kasuwar shanu ta Mubi. A zamaninsa kallo ɗaya yake wa bijimi ya faɗi kuɗinsa, ya riƙe cinikin mutum biyar a ka, na naira da na sefa, ba biro ba takarda. Na je gaishe shi bayan abin ya kama shi. Jikarsa ta kawo masa canjin goro, ya baza kuɗin a kan tabarma yana jujjuya su, ya tara ya wargaza, ya sake tarawa. Can ya ɗaga kai ya tambaye ta ko shanun Chadi sun iso, ga shi ya bar kasuwa da daɗewa. Shekaru masu yawa kafin haka an sha gaya masa jininsa ya hau. Yakan sha magani mako biyu, ciwon kai ya lafa, ya ajiye sauran a saman taga.

Wannan ajiyewar ita ce kuskuren da nake ganin kuna shirin maimaitawa. Hawan jini ba ya sallama. Mafi yawan masu shi ba sa jin komai, ba ciwon kai, ba jiri, suna cin kasuwarsu lafiya lau. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa akwai jijiyoyi sirara ƙwarai, kuma idan jini ya yi shekaru yana bugun su da ƙarfi sai su yi kauri, su tsuke, wasu su toshe. Idan babba ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki da kowa ya sani. Idan ƙanana ne, ba wanda zai lura. Yau ɗaya, baɗi biyu, har wata rana iyali su ga tafiyar mutum ta canja, lissafinsa ya rikice, ya zama mai saurin fushi ko saurin kuka. Don haka, ɗana, ka san lambar jininka kamar yadda ka san lambar wayarka. Awon ba ya cin minti biyar, ana yi a ƙaramin asibitin unguwa da kemis da yawa. Idan ya kai 140 bisa 90 sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, ka ga likita. Masana ma suna so daga shekara 40 lambar sama ta tsaya a 130 ko ƙasa. Idan aka ɗora ka a kan magani, na kullum ne. Saukar jinin alama ce ta cewa maganin yana aiki, kuma ranar da ka ajiye zai sake hawa.

'Yata, ke naki ya ɗan fi nasa. Idan jininki ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ko kika yi jijjiga wajen haihuwa, kada ki ɗauka magana ta wuce da suna. Matan da suka yi wannan sun fi sauran haɗarin hawan jini daga baya. Ki ci gaba da awo ko yaron ya shiga makaranta. Ki kuma yi hattara da kunun kanwa na jego, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wajen jini. Na san ba ki da bakin musu da gwaggo ko uwar miji a kwanakin nan, amma kina iya roƙon ma'aikaciyar awon ciki ta yi musu bayani da bakinta.

Daga nan maganar ta shiga tukunya. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi da taliyar leda da yajin tsire. Ku duba miyar gidanku: dunƙule huɗu ko biyar, ga gishiri a kai. Iyayenmu da daddawa suka yi miya kuma ba wanda ya tashi da yunwa. A rage sannu a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Haka sukari. Shayin da cokali zai kusa tsayawa a ciki, da lemon kwalba a kowane cin abinci, da tumbin da abokai ke wa kirari wai alamar naira ta zauna, su ne hanyar ciwon suga, shi kuma jijiyoyin nan dai yake lalatawa. Allah ya yi mana arzikin abin da likitocin Turai ke roƙon mutanensu su ci: dawa, gero, wake, gyaɗa, zogale, yakuwa, rama, kuka, kuɓewa. Abin takaici ne a ce saurayi yana ganin cin ɗanwake ko faten wake ƙauyanci ne.

Motsa jiki ba sai an sayi takalmin gudu ba. Abin da ake nema minti 150 ne a mako na tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato rabin awa a kwana biyar. Wanda ke noma a Muchalla ko Gella, ko wadda ke hawa da sauka a gindin duwatsun Mandara, sun riga sun biya nasu. Da ku nake, masu zaman shago da ofis da ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya, da kuke tare keke napep don tafiyar da ba ta kai kiran salla zuwa iƙama ba. Taba kuwa ba ni da dogon bayani a kanta. Sigari da shisha duk hayaƙi ne, duk suna cin jijiya, kuma wanda ya bari haɗarinsa yana raguwa ko a wace shekara ya bari. Giya mai yawa, ta kwalba ce ko burkutu, ƙwaƙwalwa take ci kai tsaye. Hayaƙin itace a rufaffen madafi da na janareto a bakin taga su ma suna cikin lissafi, don haka a buɗe wa madafi iska, a kai janareto nesa da ɗakin kwana.

Sai kai, wanda kuka fi wasa da shi. Buguwar kai mai tsanani, ko ƙanana da aka yi ta maimaitawa, tana barin tabo a ƙwaƙwalwa ko da mutum ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ina ganinku a kan babur a hanyoyin ƙauye da na bakin iyaka, mutum uku da buhu, ba mai hular kwano ko ɗaya. Kukan ce zafi, ko ku ce abokai za su yi dariya. Waɗanda suka yi dariyar ba su za su yi jinyarka ba. Idan kuma aka haɗa tuƙi da tiramol, to an gama haɗa komai, domin ƙwayar nan tana jawo farfaɗiya, kuma wanda ta kayar a kan kwalta da kansa yake sauka. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba gwamnati ce za ta tsaya maka a bakin lungu ba. A nan zan ƙara wata magana da ba a cika yi ba: marin yaro a kunne, da ƙwanƙwasa masa kai, da buga kan mace a bango, duk buguwar kai ce. Wanda ke yin haka a gidansa ya ji tsoron Allah.

Wanda ya fi ba mutane mamaki cikin jerin nan shi ne kunne. Kwamitin na Lancet ya ɗora wa raunin ji kashi 7 cikin 100, yana cikin mafi girma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan ka taɓa zama kusa da dattijon da jinsa ya ragu. Ana hira a majalisa, yana kallon bakin mutane. Aka yi dariya, ya yi murmushi a makare. Ya tambaya sau ɗaya, sau biyu, ya ga an fara gajiya da maimaita masa, sai ya yi shiru. Bayan wata shida ya daina fitowa. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun magana tana rasa aikin yi, wadda kuma ke wahalar tsintar kalmomi ba ta da sauran ƙarfin riƙe su. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Iyafis da kake ƙure wa murya har na kusa da kai yana jin waƙar, da tsayawa a gaban lasifikar biki har kunne ya kwana yana ƙara, da yini a gaban injin niƙa ko na yankan katako ba toshin kunne, bashi ne da za a biya nan da shekara 30. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. Kunnen yaro mai zubar da ruwa a kai shi asibiti, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. A yi wa yara rigakafin sanƙarau da ƙyanda, domin dukansu suna kurmantarwa. Idan kuma jin babanku ya ragu, na'urar ƙara ji ba abin kunya ba ce, kamar yadda tabarau ba abin kunya ba ne. Haka yanar ido: aiki ne na ɗan lokaci, kuma tsohon da aka cire masa yakan dawo cikin mutane.

Ilimi ma garkuwa ne. Wanda ya yi karatu da ƙuruciya, ya ci gaba da wasa ƙwaƙwalwarsa, ko ciwon ya fara cinsa yakan daɗe bai nuna ba, saboda tana da hanyoyi da yawa na kaiwa ga abu ɗaya. Shi ya sa cire yarinya daga makaranta yana da wata illar da ba a gani sai ta zama kaka, kuma mata sun fi maza yawa cikin masu wannan ciwo. Gemu ba ya hana ilimi: hadda, koyon sabuwar sana'a, lissafin kasuwa a ka, dara a gindin bishiya, duk wasa ƙwaƙwalwa ne. A nan Mubi muna da wata baiwa da ba mu ɗauke ta komai ba. Yaro yana tashi da Fali ko Gude ko Kamwe ko Margi a gida, ga Fulatanci, ga Hausar kasuwa, ga Turancin makaranta, wani har da Faransancin ƙetare. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan masu wannan ciwo 648 a birnin Haidarabad na Indiya ya gano cewa masu harshe biyu ko fiye alamunsu sun yi jinkirin bayyana da kusan shekara huɗu da rabi, har a cikin waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Kada ka bar yaren kakarka ya mutu a bakinka, kuma kada ka hana 'ya'yanka shi.

Kaɗaici kuma yana da nasa kason, kuma mu mun san shi ta hanyar da ba mu so ba. Lokacin da Boko Haram suka shiga garin nan a ƙarshen Oktoban 2014, mutane sun fita a ƙafa, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola. Gari ya dawo, kasuwa ta sake cika, amma ba kowane tsoho ne ya tarar da abokan zamansa ba. Wasu sun rasu a hanya, wasu 'ya'yansu sun riƙe su a Yola ko Kano ko Abuja, a gida mai katanga da get, inda ba su san kowa ba. Ana ba su abinci mai kyau da magani, amma ba mai zama ya yi musu hira. Ga damuwar da wasu suka dawo da ita: ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne, kuma barinsa yana ƙara haɗarin ruɗewa. Ku da kuka ga wannan tashin hankali kuna yara, idan har yanzu yana hana ku barci, ku faɗa wa likita. Sannan ku riƙe jama'a tun yanzu: sahun masallaci, zumuntar mata da ta matasa a coci, adashi, gaisuwar mara lafiya, zaman makoki. Zumunta a ƙafa take, kuma waya ba ta maye gurbin ƙafa. Abokan da za ka zauna da su kana da shekara 70 yanzu ake yin su.

Saura waɗanda abin ya riga ya kama, domin da wuya a ce babu ko ɗaya a danginku. Tsohuwar da aka tsinta da asuba a wata unguwa, zani a kwance, tana kiran sunayen matattu, ba mayya ba ce. Mara lafiya ce ta ɓata hanya. An sha jifan irinta a garuruwan ƙasar nan, kuma samari ne ke fara ɗaukar dutse. Idan ka gan ta, ka rufa mata jiki, ka ba ta ruwa, ka kai ta wurin mai unguwa a nemi danginta. A gida kuma, idan kaka ta ce an sace mata kuɗi, kada ku tsaya rantse-rantse, ku taya ta nema. Idan ta tambayi mijinta da ya rasu shekara 20, ba dole ne ku sake yi mata sabuwar mutuwa kullum ba. Ku ce ta ba ku labarinsa. Kada a kulle ta a ɗaki, kada a ɗaure ta. A ɗinka mata lambar waya a cikin mayafi, a sanar da maƙwabta, a kawar da ashana da magunguna daga inda hannunta ke kaiwa. Kuma kada a bar wa mace ɗaya jinyar, ko suruka ce ko 'yar auta, domin aikin dare da rana ne, yana iya kayar da mai yin sa.

Kada ku yanke wa tsoho hukuncin gigin tsufa da kanku. Wanda yake lafiya shekaranjiya, yau ya rikice, mai yiwuwa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukarinsa ya faɗi, ko wani magani ne bai karɓe shi ba, ko jini ne ya taru a kansa bayan faɗuwar da ya yi makonni da suka wuce aka manta. Waɗannan ana warkar da su idan an yi sauri, don haka a ranar za a kai shi asibiti, da duk magungunan da yake sha a cikin leda, na Bature da na gargajiya. Wanda kuma abin ke tafiya a hankali wata da watanni, a fara da babban asibiti a nan Mubi, a auna jini da suga da ji da gani. Idan ana buƙatar ƙwararre za su tura ku asibitin koyarwa na Modibbo Adama a Yola, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Wanda zai raka shi ya zama wanda ke kwana gida ɗaya da shi, saboda shi ne zai iya gaya wa likita yaushe abin ya fara da yadda yake da dare. Tunda kuma kun riga kun je, kai ma ɗan rakiya ka miƙa hannunka a auna naka jinin.